Ranar da Aka Yi wa Torcuil Kwalliya

Duk wanda ya san Dalmista, ƙauyenmu da ke kan tsibiri, ya san gidan ƙarshe, wanda kwalta ke ƙarewa a ƙofarsa, dutse a baya, teku a gaba. Nan aka haifi Torcuil MacAskill, nan kuma ya tsufa. Sau ɗaya ya gwada barin tsibirin, yana saurayi, ya bi jirgin kamun kifi. Da ubansa ya rasu sai ya dawo ya karɓi tumaki, bai sake kula teku ba sai dai ta taga. Bai yi aure ba. An ce akwai wata malamar makaranta da ya daɗe yana rakawa gida daga coci, yana jiran ranar da bakinsa zai buɗe, kafin ya buɗe wani mai sayar da inshora daga tsallaken teku ya riga shi. In an tsokane shi da zancen, cewa yake ai ita ta yi asara, ga tumaki ta rasa.

Dutsen Dalmista ba shi da shinge, na kowa ne, amma kowane garke ya san gefensa. Gefen gidan MacAskill shi ne mafi muni, can inda dutsen ya karye ya faɗa teku. Uwa ke nuna wa 'yarta inda ake fakewa in iska ta taso, da inda ciyawa ke fara tsirowa bayan sanyi, da gaɓar da ba a takawa. Haka abin yake tun zamanin kakan kakansa. Ka sayar da irin wannan garke ka sayo baƙi ka zuba a wurin, kafin sanyi ya fita rabinsu sun gangara ruwa. Shi ya sa a wajenmu 'yan raguna ake kaiwa kasuwa, uwayen garke ba a taɓa su. Torcuil ya san kowace tunkiya da fuska, ya san uwarta, ya san halin kakarta, har gori yake musu da shi.

Dogo ne, mai faɗin kunne, magana kuwa sai an matsa. In ka tambaye shi lafiya, amsa ɗaya gare shi: "Sai godiya, wasu na can sun fi ni jin jiki." Da wannan amsar ya yi askin tumaki na shekara guda da karyayyen haƙarƙari. Ba shi kaɗai ba ne, duk haka aka raine mu. Ba ma faɗin ciwonmu, kuma ko za a yanka mu ba ma faɗa wa baƙo ciwon maƙwabci. Hali ne mai kyau, na yarda, amma yana da tsada.

Yana da shekara sittin da uku ya haye tsallake gwanjon raguna. Da la'asar, a tashar mota, rana ma ba ta faɗi ba, wasu samari biyu suka roƙe shi ashana. Shi da ba ya shan taba, ya ajiye jaka yana lalube aljihu don kada ya kunyata su. Ɗayan ya kwaɗa masa kwalba a muƙamuƙi, ya faɗi, ƙeyarsa ta bugu da dakalin siminti. Suka ɗauke walat da wata tsohuwar waya da ko kyauta ba za a karɓa ba. An kama su, an ɗaure su, amma ba su mallaki komai ba da za a ce a karɓa a ba shi.

Ya dawo gida daga asibiti rabin mutum. Hannun hagu ya ƙi ji, ƙafar hagu sai jan ta yake. In ya miƙe, ɗaki ya riƙa juyawa da shi. Maɓallin riga ya gagare shi, reza ta gagare shi, matakalar bene ma haka, don haka a kujera yake kwana gaban murhu. Wani lokaci kalma ta ɓace masa a tsakiyar magana, ya tsaya yana kallon mutum kamar mai neman afuwa.

Ƙanwarsa Marsaili ce ta dawo ta zauna da shi. Ta yi shekaru tana girki a wani asibiti a Glasgow, mijinta ya rasu a can, ta dawo da akwati biyu da baki guda, kuma bakin ya fi akwatunan nauyi. Ita ta gano cewa gwamnati na da hukumar da ke biyan diyya ga wanda aka ji wa rauni da gangan, musamman in raunin ya hana shi sana'arsa.

"Sadaka ke nan," in ji Torcuil.

"Ba sadaka ba ce, Yaya, haƙƙinka ne. Harajin da ka yi ta biya kana gunaguni, ina kake tsammanin yake zuwa?"

"Ba a taɓa roƙo a gidan nan ba."

"Ba a taɓa fasa wa kowa kai a gidan nan ba ma. To yanzu an fasa. Ka saurare ni. Bana maƙwabta sun riƙe maka tumaki, Allah ya saka musu, amma dube su. Mafi ƙuruciyarsu haƙoran roba gare shi. Baɗi ba za su iya ba. In diyyar nan ta fito, mu ɗauki makiyayi, mu sayi ciyawar sanyi. In ba ta fito ba, kafin sanyi mai zuwa garken ya bar dutsen nan. Zaɓi ɗaya."

Ya daɗe yana kallon wuta. Daga baya ya miƙa hannun dama ya sa hannu a inda ta nuna.

Bayan watanni aka aiko cewa wata likita za ta zo daga tsallake ta duba shi a gida, ta ga abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa. Jirgin ruwan da sassafe yake isowa, tashar kuma da nisa, dole Marsaili ta kwana a babban garin tsibirin wajen 'yar kawunsu don ta ɗauko ta. Kafin ta tafi ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Yadda na bar ka haka nake so in same ka. Wannan gemun, wannan rigar mai miya a ƙirji, wannan bargon a kujera. Ta tambaye ka, ka faɗa mata gaskiya. In na ji 'sai godiya' ta fito daga bakinka, ni da kai ne."

"To, Marsaili."

Kuskurenta ɗaya, ta tsaya shagon Peigi sayen mai, ta ce gobe likitar gwamnati na zuwa duba Yaya. Peigi ba ta riƙe labari, ko na minti. Kafin a kunna fitila duk Dalmista ta ji, kuma kowa ya tuna abu ɗaya. Zuwan ƙarshe da wani na gwamnati ya yi don duba tsoho a garin nan, tsohuwa Raonaid aka duba, aka ce ba za ta iya zama ita kaɗai ba, aka kai ta gidan tsofaffi a babban gari. Gawarta ce ta dawo.

Gari na wayewa Finlay Morrison ya turo ƙofa da reza da tawul a kafaɗa. Tare suka yi makaranta da Torcuil, tare aka yi ta dukansu, kuma tun daga lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Tashi, tsohon banza. Wannan gemun naka ko bunsuru ya gani sai ya sunkuyar da kai."

"Marsaili ta ce a bar ni yadda nake."

"Marsaili ta daɗe a birni, ta manta yadda ake yi. Mutumin gwamnati ya gan ka haka, kafin Lahadi kana gidan tsofaffi ana ɗura maka kunu da cokali, tumakinka kuma a ce ba mai kula da su a kwashe. Muna raye ba za a yi haka ba. Ɗaga haɓa."

Torcuil ya san ba haka zancen yake ba. Marsaili ta bayyana masa dalla-dalla, kansa kuma bai lalace har can ba. Ya buɗe baki zai faɗa. Amma me zai ce? Ya ce wa Finlay, a gaban matan da suka fara shigowa da bokiti da tsumma, ku bar ni da dauɗata, ina so baƙuwa ta ga na zama abin tausayi don a ba ni kuɗi? Ruwan ɗumi ya sauka a fuskarsa, ya rufe bakin.

Aikin da aka yi a safiyar nan, da a ce biyan kuɗi ne, ba wanda zai iya biya. Mata suka wanke ɗaki, suka ɗauke bargo da tasar fitsari suka ɓoye a bene, suka gyara gadon da ya shekara ba a hau ba suka ɗan yamutsa shi don a ga kamar an kwana. Maza suka shafa wa bangon gaba farar ƙasa, suka ɗaure ƙyauren da ya karye, suka jera tubalan baƙar ƙasar da muke ƙonawa a murhu, jeri mai kyau irin na Torcuil na da. Aka sauko da wasu tumaki filin gefen gida don ido ya gani. Peigi ta kawo romon rago da gurasar hatsi da kifi mai gishiri. Finlay ya ciro kwat ɗin coci, ya saka masa maɓalli ɗaya bayan ɗaya, yana zaginsa a kan tumbin da ya rasa.

Sannan ya koya masa dabara. Ya tsaya a ƙyaure ya jingina da ginshiƙi, sanda ba ta da amfani a nan. Hannun hagu a aljihu, kamar mai gonar da ba shi da damuwa. Aka ja kabad da kujeru aka jera ta yadda daga ƙofa zuwa tebur duk inda ya kai hannu akwai abin dafawa. Peigi ta ce rabin kofi za ta zuba masa shayi don kada ya zube.

Da aka miƙo masa madubi, Torcuil ya ga mutumin da ya hau jirgi zuwa gwanjon raguna. Ya daɗe bai gan shi ba, kuma ya yi kewarsa ƙwarai. Idonsa ya kawo ruwa, Finlay ya ce sabulu ne, ya goge masa da tawul da ƙarfi.

Marsaili ta hango farin bango tun daga kwana, saura kaɗan ta afka rami da mota. Likitar, wata matashiya mai suna Haldane, ta fito fuska a kwaɓe saboda jirgi ya jijjiga ta. A ƙyaure ta tarar da dogon dattijo cikin kwat, fuska fes, yana mata maraba da Turancinsa na coci, yana tambayarta yadda ta sha teku.

"Yaya jikin, Malam MacAskill?"

"Sai godiya, 'yata. Wasu na can sun fi ni jin jiki. Shigo ki sha abu mai zafi, ke ce abin dubawa yau."

Ba sakarya ba ce likitar. Ta sa ya matse mata yatsu, ta ji hagun ba ƙarfi, ta rubuta. Ta sa ya taka daga bango zuwa bango. Ya tattaro duk abin da ya rage a jikinsa ya taka, kai a miƙe, gumi na bin bayan wuyansa inda ba ta gani. Ta tambayi wa ke masa aski, ya shafa haɓa ya yi murmushi. Ta tambayi inda yake kwana, Peigi ta nuna bene da cokali.

"Yaya, faɗa mata gaskiya," in ji Marsaili da Turanci. "Likita, a kujerar nan yake kwana. Ko maɓalli ba ya iya sakawa. Duk wannan da kike gani yau aka yi shi."

Torcuil ya dube ta, ya yi magana a hankali da yarenmu, wanda likitar ba ta ji.

"Marsaili, kada ki tozarta ni a gaban baƙuwa, a cikin gidan ubanmu."

Tun suna yara bai taɓa roƙonta komai ba. Ta tashi ta fita bayan gida.

Likitar ta dubi mutanen da ke tsaye jikin bango, huluna a hannu. Ta tambaya wa ke kula da tumakin yanzu.

"Shi mana," in ji Finlay. "Wa zai iya da wancan gefen in ba shi ba? Mu ma in abu ya cije mana shi muke kira. 'Yar'uwar tasa ce mai damuwa, kin san mata da ɗan'uwa." Sauran suka gyaɗa kai, dattawan coci ne a cikinsu, mutanen da ba a taɓa kama su da ƙarya ba.

Da motar ta juya da likitar, ƙafar Torcuil ta saki, Finlay ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Ana ta murna, ana cewa an gama da gwamnati. Sai da Marsaili ta dawo da yamma ta same su suna cinye sauran romon, ta tsaya a ƙofa ta bayyana musu abin da likitar ta zo yi, da abin da suka yi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba su tsoro ke nan. Finlay ya ajiye cokali ya dubi Torcuil.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Don me ba ka faɗa ba, ɗan banza?"

"Kana riƙe da reza," in ji Torcuil. Ba wanda ya yi dariya.

Amsar hukumar ta zo da rani. An biya shi wani abu na muƙamuƙi da tabon ƙeya, an ce bisa abin da aka gani da abin da shaidu suka faɗa, yana iya ci gaba da sana'arsa. Ba wanda ya zalunce shi, abin da aka nuna wa likitar shi ta rubuta. Marsaili ta ɗaukaka ƙara. Finlay ya bi gida-gida, kowa ya yarda zai tsaya ya ce ƙarya ya yi, har dattawan cocin, kuma wanda ya san su ya san abin da wannan ya ci musu. Aka ce za a saurare su, amma sai bayan sanyi, in an yi sa'a.

Tumaki kuwa ba su san ɗaukaka ƙara ba. Ruwa ya yi yawa a shekarar, ciyawar da aka yanka ta ruɓe a fili, ta saye ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Aka kira Finlay asibiti aikin ƙugu, ya dawo da sanda biyu. Sauran ma kowa na rage nasa garken. Torcuil ya san abin da sanyi ke yi wa tunkiyar da ba mai hawa ya duba ta, ya ga irinta, hankaki sun cire mata ido tana da rai. Da kansa ya sa Marsaili ta kira dillali a tsallake.

A daren da ya gabaci zuwan motar da za ta kwashe garken, tana cire masa takalmi, ta tambaye shi ko yana da-na-sani.

"Ina yi," ya ce. "Amma in gaya miki gaskiya, tun da aka buge ni, ranar nan kaɗai na ji ni mutum ne. Na yi baƙuwa, na tare ta a ƙyaure, na ba ta shayi." Ya miƙo mata ɗaya ƙafar. "Ban san da tumakin na sayi ranar nan ba. Ko na sani, ban ce da zan fasa ba. Wannan ne ke hana ni barci."

Da safe babbar motar dabbobi ta ja baya har ƙarshen kwalta ta sauke ƙofa. Maza suka hau dutse da karnuka. Zuwa azahar sun sauko da matasan garken, amma tsofaffin uwaye da suka ga baƙin karnuka sai suka gangara gaɓar teku suka laɓe a kan 'yan tudun da ko mutum ba ya iya bi. A tura kare can, faɗawa za su yi. Karen Torcuil kuwa fiton maigidansa kaɗai yake ji, fito kuma ya daina fita tun da aka fasa masa muƙamuƙi. Direba na duba agogo, jirgi ba ya jira.

Finlay ya shigo da sandunansa, ya cire hula.

"Sun ƙi, mutumina. Sai dai ka kira su."

Akwai kiran da Torcuil ke yi a tsakiyar sanyi in ya hau musu da dusa, dogon kira ne da ya koya a bakin mahaifiyarsa. Aka ɗora shi a bayan tarakta aka kai shi gindin dutse. Wani ya ce a zuba tsakuwa a bokiti, ƙara ɗaya ce ai. Torcuil ya ce a'a, a kawo dusar gaske, bai taɓa kiransu a kan bokitin wofi ba. Marsaili ta koma ta kakkaɓo abin da ya rage a buhu.

Ya girgiza bokitin ya yi kira. Muryar ta fito a karye, ya sake. Can sama wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho ta ɗago kai ta amsa. Sai ga su suna haurowa daga gaɓa a jere, suna gangarowa da gudu, suna kuka, kamar yaran da aka taso daga makaranta. Suka kewaye shi suna ture-ture. Ya juya, Marsaili a hagunsa, ya soma jan ƙafa zuwa motar, bokiti a hannun dama, garken na biye da shi. Duk garin na tsaye bakin hanya.

Ya kai bakin katakon da ake hawa motar. Ya ɗora ƙafar dama, ta hagu ta ƙi biyowa. Ya sake gwadawa, ya zame ya zauna a cikin laka. Mutane suka yunƙuro. Ya ɗaga kai ya dube su, ya faɗa da ƙarfi yadda na ƙarshen layi ma ya ji.

"Ba zan iya ba. Finlay, ba zan iya ba. Ƙafar ba ta ji, hannun ba ya ji, na gaji."

Marsaili ta toshe bakinta da gyale. Finlay ya jefar da sanda ɗaya, ya karɓi bokitin ya miƙa wa direba ya shiga da shi ciki, amma tumakin suka tsaya cak a wurin maigidansu. Sai Torcuil, yana zaune a lakar, ya juya fuska wajen motar ya ci gaba da kira. Mai karyayyen ƙahon ta sunsuni kafaɗarsa ta hau. Sauran suka bi ta, suna gogar jikinsa suna wucewa, yana kira, har ta ƙarshe ta shige aka ɗaga ƙofa aka sa sakata.

Bai daina nan take ba. Motar ta tashi ta kama hanya yana kira, su kuma suna amsa masa daga ciki, har ta sha kwana.